Dariyar da Ake Yi a Gidan Mai Shaye-Shaye



Akwai wani ɗan ƙanin mahaifina da ya taɓa zama a gidanmu, lokacin da kodin ta kama shi. Wata rana aka wayi gari babu dutsen guga. Aka bi ɗaki-ɗaki, aka ɗaga katifu, aka leƙa bayan kujeru. Shi ya fi kowa zafin nema, har yana yi wa yara faɗa wai ɓarayin unguwa sun raina gidan nan. Can da la'asar sai ga yaron mai wanki da guga ya yi sallama, ya ce an aiko shi ya kawo wa wane cikon kuɗin dutsen guga. Mahaifiyata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ba ta tashi daga wurin ba sai da dariyar ta koma kuka.

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai shaye-shaye ya san irin wannan dariya. Shi ya sa nake ganin fim ɗin da ya ɗauko labarin irin wannan gida ya cire dariyar, ya bar kuka da wa'azi kaɗai, rabin gaskiya ya faɗa. Wanda kuma ya mai da mashayin abin tsokana don 'yan kallo su ƙyalƙyale, shi ko rabin bai faɗa ba. Fina-finan da na ga sun kama abin daidai yawancinsu na ƙananan masu shiryawa ne masu zaman kansu, waɗanda ba manyan kamfanonin Hollywood suka ɗauki nauyin yin su ba. Bari na kawo uku.

Na farko Little Miss Sunshine, na shekarar 2006, wanda Jonathan Dayton da Valerie Faris suka ba da umarni. Iyali ne suka cika tsohuwar motar bas ƙirar Volkswagen daga garin Albuquerque zuwa Kalifoniya, don kai 'yarsu Olive mai shekara bakwai gasar kyau ta yara. Motar ta lalace a hanya, ba ta tashi sai an tura, kowa ya bi ta da gudu ya ɗare. A cikinsu akwai kakan yarinyar, tsoho mai baƙin baki, wanda aka kora daga gidan kula da tsofaffi saboda shaƙar hiroyin. Shi ne ya fi kowa ba da dariya. Kuma shi ne ya fi kowa sanin zuciyar jikarsa: daren da tsoron faɗuwa a gasar ya sa ta kuka, shi ya zauna ya lallashe ta. Daga nan ya shiga banɗaki ya kulle ƙofa. Da gari ya waye yarinyar ce ta zo ta shaida wa iyayenta kaka ya ƙi tashi.

Abin da ya biyo baya, wato yadda suka naɗe gawar a zanin gado suka fitar da ita ta tagar asibiti don kada su makara, abin dariya ne, ga mai imani kuma abin ɗaure kai ne. Amma ku lura da abu ɗaya. Fim ɗin ya bari muka so tsohon, sannan ya ɗauke shi ta dalilin abin da yake sha. Ba a tsayar da wani ya yi mana bayanin illar ƙwaya ba. Kujerar da ba kowa a kanta a cikin motar ta wadatar. Alan Arkin, wanda ya fito a kakan, ya samu lambar yabo ta Oscar da wannan rawa, marubucin labarin Michael Arndt shi ma ya samu tasa.

Na biyu Rachel Getting Married, na Jonathan Demme, a 2008. Wannan ya fi nauyi, dariyarsa mai ɗaci ce. Anne Hathaway ta fito a matsayin Kym, wadda aka ba hutun 'yan kwanaki daga cibiyar gyaran masu shaye-shaye don ta halarci bikin 'yar uwarta Rachel. Duk wanda ya san gidan biki zai gane komai: uba yana bin ta da ido ko'ina, yana ta tura mata abinci, ƙawar amarya na harararta, amarya na jin haushin cewa ko a ranar aurenta ma hankalin gida yana kan mai matsala. A wajen walima aka ba Kym lasifika ta yi wa ango da amarya fatan alheri, sai ta ɓige da labarin kanta da neman yafiya, kowa ya sunkuyar da kai. Kana kallo kana dariya kana jin kunya a madadinta.

Akwai fitowa ɗaya da ba na mantawa. Uban amarya da ango, wanda Tunde Adebimpe ɗan asalin Najeriya ya fito a matsayinsa, suka shiga gasar wa ya fi iya jera kwanuka a injin wanke-wanke. Dangi sun kewaye su, ana ihu ana ƙirga lokaci. Ana cikin haka aka miƙo wa uban ƙarin faranti, sai ya ci karo da ƙaramin faranti mai sunan ɗansa Ethan. Yaron ya rasu ne a ruwa shekarun baya, ranar da Kym ta tuƙa mota tana cikin maye da shi a ciki, motar ta kauce daga gada. Kicin ya yi tsit. Uban ya fita. Da ba a yi waccan dariya ba, wannan shirun ba zai soki kowa ba. Haka kuma abin yake a gida na gaske: ana tsakiyar raha baƙin ciki ke shigowa, ba ya sallama.

Na uku daga ƙasar Danmak ya fito a 2020, sunansa Druk, an fi saninsa da Another Round, na Thomas Vinterberg, kuma ya ci Oscar na fim ɗin ƙasashen waje. Malaman sakandare ne huɗu da rayuwa ta gundure su, suka ɗauki wani ra'ayi wai ɗan Adam ya fi aiki idan akwai 'yar barasa a jininsa kullum, suka ce za su gwada. Da farko aji ya yi armashi, ɗalibai suka farka. Suka ƙara yawan abin. Ɗaya ya yi fitsarin kwance a gadon aurensa, ɗaya aka tsince shi kwance a bakin titi da rauni a goshi, ɗansa na kallo, aurensa ya girgiza, ɗaya kuma ya fita da kwale-kwale bai dawo da rai ba.

A nan zan tsaya na saurari masu ja da ni, don maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce abin da Allah Ya haramta ba a wasa da shi, kuma yaron da ya ga mashayi yana ba da dariya zai ɗauka abin burgewa ne. Game da Druk na ba su gaskiya a wani ɓangare. Fim ɗin ya ƙare ne da jarumin, Mads Mikkelsen, yana rawa a bakin teku cikin ɗaliban da suka gama makaranta, ana ta sha, jim kaɗan bayan jana'izar abokinsa. Mutanen da giya take cikin al'adarsu za su karanta wannan yadda suke so. Ni ban ga yadda zan nuna wa ƙanina wannan ƙarshe na tashi na bar shi ba.

Sai dai wannan bai kashe maganata ba, ya dai nuna inda ma'auni yake. Tambaya biyu nake yi wa kowane irin wannan fim. Wa ake yi wa dariyar? Kuma wa ya biya kuɗinta a ƙarshe? Idan dariyar ta halin da gida ya shiga ce, ƙaryar da ba ta ɗinku ba, ɓoye-ɓoyen uwa, borin kunyar uba, to mai kallo na cikin gidan tare da su. Idan kuma ta tangaɗi ce da lumshe ido da jan magana, to an tsayar da mai kallo a bakin titi yana nuna mutum da yatsa. Ta farko tausayi take haifarwa, ta biyu raini.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan, matsalar tana cikin gidajenmu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Kowane ɗaya a cikin waɗannan miliyoyi yana da uwa, ko mata, ko miji, ko ƙanne. Su ne 'yan kallon da ba a cika yi wa fim ba.

A yawancin fina-finanmu na Hausa da na kalla, ɗan ƙwaya iri biyu ne. Ko dai ɗan barkwanci da ake sakowa don a huta, ko ɗan daba da zai ƙare a hannun hukuma, malam ya zo ya rufe da nasiha. Ba kasafai nake ganin matar aure da ke ɓoye kwalba a cikin kwalla ba, ko mahaifin da ke cewa ɗansa ya tafi karatu alhali yana gidan mari, ko yayar da ta gaji har ta fara jin kunyar irin addu'ar da ke zuwa mata a zuci. Wa'azi na gaya wa mashayi ya daina, kuma yana da muhimmanci. Amma dangin da ke fama, su abin da suke bukata su ga cewa ba su kaɗai ba ne, kuma dariyar da ta kuɓuce musu ba rashin imani ba ce.

Kada a ce kuɗi ne babu. Trey Edward Shults ya ɗauki fim ɗinsa Krisha cikin kwana tara a gidan iyayensa a jihar Texas, gwaggonsa ce jarumar, mahaifiyarsa da kakarsa duk suna ciki. Labarin mace ce da ta daina sha, ta dawo cikin dangi ranar biki ta ce ita za ta gasa talo-talon da za a ci, ta koma wa kwalba a ɓoye, ta kifar da naman a ƙasa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na SXSW a 2015. Gida ɗaya, dangi ɗaya, rana ɗaya. Mu da muke da gidan biki da gidan suna da zaman makoki, ina muka rasa wurin ɗaukar irin wannan?

Ɗan uwan nan nawa ya daina, alhamdu lillahi, bayan faɗuwa da tashi da ba zan iya ƙirgawa ba. Yanzu idan an haɗu da Sallah, shi da kansa yake tayar da labarin dutsen guga, yana kwaikwayon yadda ya riƙa ɗaga katifa. Kowa ya yi dariya. Mahaifiyata ma tana yi, amma na lura takan tashi ta ce bari ta duba tukunya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa masu fama, Ya ba danginsu haƙuri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.