RA'AYINMU: A Binciki Madatsun Funtuwa da Malumfashi Tun da Rani

A watan Agusta na 1988 madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano ta fashe, ruwa ya cinye gidaje da gonaki. A Satumba na 2024 kuma ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Duka biyun sun auku ne bayan damina ta nutsa, lokacin da gyara ba ya yiwuwa.

Saboda haka muke kira ga Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Jihar Katsina ta tura injiniyoyi tun da rani su binciki madatsun Mairuwa da Gwaigwaye a ƙasar Funtuwa, da ta Malumfashi. Bangon ƙasa yakan nuna alamu kafin ya faɗi: tsagewa, shurin gara, saiwoyin itatuwa, ko ruwa mai laka yana tsattsafowa ta gindinsa. Ga kuma yashin da ke gangarowa daga gonakin masara da auduga yana cike gurbin ruwa kowace shekara.

Kada rahoton ya kwanta a ofis. Lalle a kai wa hakimai da dagatai kwafensa, gama talakawansu ne ke kwana a ƙarƙashin waɗannan bangaye.