Mai kamfanin waƙa ta intanet da haƙƙin mawaƙa

A cikin kowace babbar kasuwa ta ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, ba a rasa wani saurayi zaune cikin rumfa da kwamfuta a gabansa, aikinsa shi ne zuba wa mutane waƙoƙi cikin wayar salula. Mai waya ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya tafi da waƙa ɗari ko fiye. Mai rumfa ya samu na cefane, mai waya ya samu abin saurare, shi kuwa mawaƙin da ya raba dare yana tsara waƙar, ko tamma ba ta isa hannunsa ba. Matasa da yawa waɗanda suka yi karatun kwamfuta suna kallon wannan ciniki, suna cewa a ransu da za a kafa kamfani wanda zai tara waƙoƙin nan wuri guda a intanet, jama'a su saurara su biya, da an yi arziki. Tunanin yana da kyau. Amma kafin saurayi ya sayar da gonar gado ya shiga wannan sana'a, ya kamata ya san irin zaman da waɗanda suka riga shi suka yi. Su ma mahukunta ya kamata su san abin da ya rataya a wuyansu.

Labarin ya faro ne daga Amurka. A shekarar 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning, wanda bai cika shekara ashirin ba, ya ƙirƙiro wata dabara mai suna Napster, wadda ta ba mutane damar musayar waƙoƙi daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da biyan kowa ba. Cikin ƴan watanni miliyoyin mutane suka ruga. Kamfanonin faifai suka kai ƙara kotu a ƙarshen wannan shekara, aka rufe Napster a 2001, jarinsa ya karye a 2002. Sai dai rufewar ba ta mayar da jama'a kantin faifai ba, domin sun riga sun ɗanɗana kyauta. Tsakanin 1999 da 2014, kuɗin da cinikin waƙoƙin da aka ɗauka ke kawowa a duniya ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100.

Cikin wannan hali ne wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Daniel Ek, yana da shekara 23, ya haɗa kai da Martin Lorentzon suka kafa Spotify a birnin Stockholm a 2006. A wannan shekara ce kuma ƴan sandan Suwidin suka kai samame wurin The Pirate Bay, wani dandalin intanet da ya yi suna wajen rarraba waƙa da fim na sata. Shawarar Ek ita ce a ba mai saurare hanya wadda ta fi sata sauƙi: ya taɓa sunan waƙa ta fara nan take, ba sai ya sauke ta ba. Wanda ba ya son biya ya saurara tare da talla, wanda ya biya kuɗin wata, watau abonma, ya saurara babu talla. Injiniyoyinsa sun gama na'urar da wuri. Abin da ya cinye lokaci shi ne neman izinin masu waƙa. Ek ya yi kusan shekara biyu yana zirga-zirga tsakanin ofisoshin manyan kamfanonin faifai, albashin ma'aikata yana fita kowane wata, kuɗi ba ya shigowa. Ba a buɗe Spotify ga jama'a ba sai a watan Oktoba na 2008, bayan an ba kamfanonin faifai wani kaso na hannun jarin kamfanin. Izinin shiga Amurka kuwa sai a watan Yuli na 2011 ya samu.

A nan ne sana'ar ta bambanta da sauran sana'o'in kwamfuta. Wanda ya kafa kamfanin waƙa ta intanet yana sayar da hajar da ba tasa ba. Kowace waƙa tana da masu haƙƙi iri biyu: wanda ya tsara baitoci da kiɗa, da wanda ya mallaki ɗaukar da aka yi. Kowannensu sai an nemi yardarsa, kowannensu sai an biya shi. Kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin da Spotify ke samu daga waƙa yana komawa ga masu haƙƙin nan. Daga sauran kashi ɗaya ne za a biya injiniyoyi da lauyoyi da hayar manyan kwamfutocin ajiya da talla. Ɗan kasuwan da ke sayen gero ya san in ya sayi buhu dubu zai samu rangwame. Mai kamfanin waƙa kuwa, duk yadda masu saurarensa suka ƙaru, haka abin da zai biya yake ƙaruwa tare da su.

Saboda haka dole ya nemi masu zuba jari, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai jari yana son ganin yawan masu saurare yana hawa kowane wata uku, yana kuma son kasonsa na kamfani da kujerarsa a majalisar gudanarwa. Duk lokacin da aka karɓi sabon kuɗi, rabon wanda ya kafa kamfanin yana raguwa. Spotify ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Afrilu na 2018 yana cikin hasara. A watan Disamba na 2023 Ek ya sallami ma'aikata wajen 1,500, watau kashi 17 cikin 100 na ma'aikatansa. Sai a shekarar 2024 ne kamfanin ya rufe shekara cikakkiya da riba, shekara 18 bayan kafa shi, a lokacin yana da masu saurare miliyon 675, daga cikinsu miliyon 263 masu biyan kuɗin wata. Wannan shi ne wanda ya fi kowa sa'a a sana'ar.

Waɗanda suka faɗi a hanya sun fi yawa, kuma ba a cika ba da labarinsu ba. Grooveshark, wanda wasu ɗaliban jami'ar Florida suka kafa a 2006, ya bar mutane suna ɗora waƙoƙi ba tare da cikakken izini ba. Shari'a ta ci shi, ya rufe a watan Afrilu na 2015. Rdio ya bi doka, ya biya masu haƙƙi, amma bai samu isassun masu biya ba, jarinsa ya karye a ƙarshen wannan shekara. SoundCloud na birnin Berlin ya sallami kashi 40 cikin 100 na ma'aikatansa a 2017, kuma Alexander Ljung, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya sauka daga kujerar shugaban gudanarwa domin sabon jari ya shigo. A Faransa, Daniel Marhely ya fara da wani dandali mai suna Blogmusik, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta SACEM ta tilasta aka rufe shi, sai da ya zauna ya yi yarjejeniya da ita sannan ya sake buɗewa da sunan Deezer a 2007. Darasin a bayyane yake. Wanda ya tsallake izini kotu na jiransa, wanda ya nemi izini kuwa sai ya tanadi haƙuri da guzurin shekaru.

To, ina mawaƙi a cikin wannan lissafi? Nan ne batun ya fi nauyi. Spotify ya ba da sanarwar cewa ya biya masu haƙƙin waƙa dalar Amurka miliyar 10 a shekarar 2024 kaɗai. Kuɗi ne mai yawa, amma yadda ake raba shi ne abin dubawa. Ana tara kuɗin kowace ƙasa a kowane wata cikin tukunya guda, sannan a raba bisa yawan sauraren da kowace waƙa ta samu. Wanda aka fi saurare shi ke kwasar mafi yawa. In an yi ƙiyasi, saurare guda bai kai dala ɗaya ta kuɗin Sefa ba, watau tamma biyar. Saurare dubu kan kawo abin da bai wuce jika biyu zuwa uku ba, kuma a ƙasashen da kuɗin wata ke da araha abin bai kai haka ba. Wannan ɗan kuɗi ma hannun mai faifai yake fara shiga, shi ne zai ba mawaƙi rabonsa bisa takardar da suka sa wa hannu. Tun daga 2024 kuma, waƙar da ba a saurare ta sau dubu cikin wata goma sha biyu ba, Spotify ba ya biyan kuɗin ɗaukarta. Ba mamaki da mawaƙiya Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga dandalin a 2014, ba ta mayar da su ba sai 2017. Ita tana da ƙarfin yin haka. Ƙaramin mawaƙi ba shi da shi, kuma sau da yawa abin yakan zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Afirka an gwada wasu hanyoyi da suka dace da aljihun talaka. Boomplay ya fara a Najeriya a 2015, kuma ƙarfinsa ya fito ne daga zuwa da yake yi a cikin wayoyin Tecno tun daga masana'anta. Mdundo, wanda aka kafa a Nairobi ta ƙasar Kenya, ya haɗa gwiwa da kamfanonin waya domin mutum ya biya na kwana ɗaya ko na mako daga kuɗin kiran da ke cikin wayarsa, ya kuma je kasuwar hannun jari ta Copenhagen neman jari a 2020. Spotify ya buɗe wa Nijar ƙofa a 2021 tare da ƙasashe fiye da 80. Duk da haka, inda intanet ke da tsada, katin banki kuma sai a hannun ƴan ƙalilan, mai rumfar kasuwa ne har yanzu ya fi kusa da mai saurare.

Akwai misali guda daga cikin gida wanda ya isa a yi nazari a kansa. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka ƙetare iyakoki, shi kuwa bai san inda suka kai ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin wani faifai na kamfaninsa Sahel Sounds a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita, suka yi aiki tare. Daga nan hanya ta buɗe, Mdou Moctar ya zagaya Turai da Amurka da kiɗansa. Waƙar tana nan tun farko, masu sonta ma suna nan. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da zai rubuta sunan mai ita, ya neme shi, ya biya shi. Abin takaici ne a ce sai da baƙo ya zo daga nesa ya yi wannan aiki.

Wannan shi ne gurbin da saurayin Nijar zai iya cikewa. Gasa da manyan kamfanonin duniya wajen waƙoƙin Turai da Amurka ɓata jari ne. Amma babu wanda zai fi ɗan ƙasa sanin inda mawaƙan Hausa da Zabarma da Fulani da Barebari da Buzaye suke, da wanda ya gaji haƙƙin tsofaffin kaset irin na Ɗan Gurmu ko Ma'azu Ɗan Alalo. Sharaɗin kawai shi ne ya fara da takarda kafin na'ura. Ya zauna da kowane mawaƙi, a karanta masa yarjejeniya cikin harshen da yake ji, a faɗa masa rabonsa da ranar biyansa, a kuma nuna masa lissafi ko da abin da ya samu jika ɗaya ce. Mai kamfanin da ya riƙe wannan amana zai samu waƙoƙin da wani ba zai samu ba. Wanda ya ci amanar mawaƙi ɗaya kuwa, kafin mako ya zagayo labarinsa ya gama gari.

Mahukunta ma suna da nasu rabon aiki. A Suwidin, kotu ta yanke wa mutum huɗu na The Pirate Bay hukunci a watan Afrilu na 2009, a wannan wata kuma sabuwar dokar hana satar fasaha ta fara aiki. Waɗannan sun taimaka wajen karkato jama'a zuwa hanyar halal a daidai lokacin da Spotify ke tasowa. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta yarjejeniyar Bangui ta 1977, tana kuma da ofishin kare haƙƙin mawallafa, watau BNDA. Abin da ake bukata shi ne mawaƙin karkara ya iya yin rajistar waƙarsa ba tare da ya kwana a Yamai ba, ƙaramin kamfani ya samu izini a farashin da zai iya ɗauka, kamfanonin waya kuma su sassauta kason da suke cirewa in an biya ta hanyarsu. Masu rumfunan kasuwa ma ba kora ta dace da su ba. Sun san abin da jama'a ke so fiye da kowa, kuma in an ba su izini da ɗan kuɗin fito mai sauƙi, su ne za su zama wakilan farko na sabuwar kasuwar.

Saura mai saurare. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A da, in makaɗi ya yi wasa a dandali ko a gidan biki, ba ya tashi hannu wofi, domin kowa ya san kiɗa sana'a ce mai ciyar da iyali. Shigar waƙa cikin wayar salula ba ta soke wannan haƙƙi ba. Wanda ke iya sayen kuɗin kira kowace rana yana iya ware dala biyar ko goma ga mawaƙin da yake saurare safe da yamma, in an samar masa hanyar biya mai sauƙi kuma ya tabbata kuɗin zai isa inda aka nufa. Samar da wannan hanya da tsare ta shi ne aikin mai kafa kamfani, kuma da shi za a auna shi.