Ribar da muke bari tana zuba a gindin turke

Yau maganata da masu turka ce, musamman iyayenmu mata da ke ɗaure rago ko jar akuya a bayan ɗaki.

Mu kan lissafa kuɗin dusa da harawa, mu lissafa abin da rago zai yi a kasuwa kafin Babbar Sallah. Amma wa ke lissafa abin da ke fita daga cikin dabbar? Masana kiwo sun tabbatar cewa ɗan kaɗan ne daga abincin da dabba ta ci ke zama nama. Mafi yawan sinadaran da shuka ke so suna fitowa ne ta kashi da fitsari. Ke nan takin gidanka hoton abin da ka zuba a kwano ne. Akuyar da ke tuƙar busasshen kara zalla takinta ba ƙarfi. Wadda ke cin harawar wake, harawar gyaɗa da 'ya'yan gawo, takinta sai ka gani a gona.

Turawa sun daɗe da gane wannan, ta hanyar aladen da suke kiwo. A Holan kashin dabbobi ya yi yawa har yana gurɓata ruwan sha. A 1991 Tarayyar Turai ta kafa doka: a yankunan da ruwa ke cikin haɗari, kada azot na takin dabbobi ya wuce kilo 170 a hekta ɗaya a shekara. Da suka bincika, sai suka ga idan aka rage abinci mai gina jiki da ya wuce buƙatar alade mai tasowa, girmansa bai raguwa, amma azot ɗin fitsarinsa na raguwa. Mu ba ma kiwon alade, amma darasin ɗaya ne. Su taki ya yi musu yawa, mu kuwa jigawarmu ta gaji, kuka take da yunwa.

Ga inda muke asara. Azot, wato sinadarin da muke saye da tsada a buhun ure, kaso mai yawa nasa a fitsari yake fita, musamman idan dabba na cin abinci mai kyau. A gidajenmu fitsarin nan yashi ke shanye shi, rana ta ƙone sauran. Warin nan mai yaji da ke tashi a turke da rana, kuɗinka ne ke bin iska. Kashin kuma a tara shi a fili wata da watanni, kafin amalanke ta kai shi gona ya riga ya huce.

Sai maganar dusa. Wasu na ganin yawan dusa shi ne ƙiba. Dusa tana da fosfor da yawa, kuma idan ta yi wa rago yawa babu harawa da isasshen ruwa, tana iya jawo masa tsakuwa a mafitsara, fitsari ya tsaya. Rago guda ya mutu saura sati biyu Sallah, uwar gida ta rasa jarin shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shawarata ita ce: a haɗa abinci, kada a dogara da abu ɗaya, kuma kada ruwa ya yanke. A shimfiɗa ragowar kara, ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin dabba don su tsotse fitsari. A riƙa kwashewa ana zubawa a rami a inuwa, a rufe. Ba ko dala da za a kashe.

Wani zai ce harawa ta yi tsada da rani. Gaskiya ne. Shi ya sa tun kaka ya kamata a ɗora ta a rumfa, maimakon a sayar da ita da arha a dawo ana sayen ta ninki. Gawon da muke bari a gonakinmu ma abinci ne kyauta.

Ina kira ga malaman gona da na dabbobi su riƙa yi wa ƙungiyoyin mata wannan bayani tare, tun da turke da gona abu ɗaya ne.

Ku fa, yaya kuke yi da takin gidanku? Allah ya sa albarka a kiwo da noma.