Ja ko kore? Kafin ku zaɓi tarakta, ku je wajen bakanike

1/ Kwana biyun nan sai musu ake a nan: wai wace tarakta ce ta fi ga mai ƙaramar gona, Massey ko John Deere ko Mahindra? Ni dai ra'ayina, yawancin masu musun launi kawai suke kallo. Ku biyo ni a hankali, zaren da ɗan tsawo.

2/ Tarakta ba waya ba ce da za ka saya don suna. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kwanaki ƙalilan gare ka ka yi haro ka yi huɗa. In ta tsaya a makon nan, kuma abin da ya lalace sai an aiko daga Legas, to daminarka ta tafi. Shi ne ma'aunin.

3/ Mu fara da Massey Ferguson, jar nan da kowa ya sani. Irin su MF 240 mai ƙarfin doki 50 da MF 375 mai 75, da yawansu daga Pakistan ake kawo su. Ba su da ƙyale-ƙyale. Amma bakaniken da ya buɗe injin Perkins sau ɗari yana nan kusa, kayan gyara kuma ka nufi Ƙofar Ruwa a Kano.

4/ Aibinta? Na hannu sun cika kasuwa. A yi wa tsohuwa fenti ta fito kamar amarya, alhali inji ya gaji. Kayan gyaran ma akwai jabu birjik. Kada ka kuskura ka je saye ba tare da bakanike ba.

5/ John Deere, koriyar masu ɗaukar hoto. Ƙarfe ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai kuɗinta da na kayanta ba na talaka ba ne. A Amurka ma manoma sun yi shekaru suna faɗa da kamfanin kan a bar su su gyara injinansu da kansu, har hukumar FTC ta maka shi a kotu a Janairun 2025.

6/ Gaskiya ne, wannan rikicin ya fi shafar manyan injina masu kwamfuta, ƙananan da ake kawo mana sun fi sauƙi. Duk da haka ka tambayi kanka: dila mafi kusa da ƙauyenku yana ina? In amsar ita ce Kaduna ko Abuja, ka yi lissafi.

7/ Mahindra da Sonalika 'yan Indiya ne. Mahindra ce ta fi kowa yawan sayar da tarakta a duniya, kuma ta yi hakan ne a ƙasar da gonakinta ƙanana ne irin namu. Farashi da dama-dama. Matsalar dai ɗaya: wani gari akwai kayanta, wani garin ko matatar mai ba ka samu.

8/ Kubota ta Japan kuwa gwanar laka ce. Ƙarama, mara nauyi, tayoyi huɗu na ja. Mai shinkafa a Kura ko Kadawa zai ji daɗinta. Amma mai gero a jigawa ya saya don me? Shi mai eka ɗaya ta shinkafa ma, injin nan mai taya biyu da ake bi a ƙasa ya ishe shi.

9/ Yanzu ga maganar da ba a son ji. Yawancin iyayenmu gonarsu ba ta wuce hekta 2 ba. Tarakta za ta gama ta a kwana ɗaya ko biyu. Sauran shekarar fa? Tana tsaye, bashin banki na tafiya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

10/ Za ku ce ai sai ya riƙa ba da haya. To madalla, amma wannan sana'a ce daban: direba, man gas, taya, da bin bashi. A kan wannan lissafin aka kafa Hello Tractor a 2014, mai tarakta ya haɗu da masu neman haya. Ko mutum goma su haɗa kuɗi, su rubuta layi tun da rani.

11/ Kuma mun taɓa gani. An harhaɗa Steyr a Bauchi, an harhaɗa Fiat a Kano. Ku leƙa bayan sakatariyar ƙananan hukumomi ku ga taraktocin da aka ƙaddamar da kiɗa, yau kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Ba sunan kamfani ya kashe su ba, rashin gyara ne.

12/ Saboda haka in babanku ya ce ku bincika masa a intanet, ku ajiye wayar tukuna. Ku je garejin garinku ku tambaya: wacce kuka iya? Kayan wacce ake samu yau-yau? Wacce aka daɗe ba a kawo ba don ba ta lalacewa? Wadda bakanike ya ambata, ita ce taku, ko da launinta bai yi kyau a hoto ba.

13/ 'Yan koriya, na san kuna tafe. Bismillah, amma kowa ya zo da sunan garinsu da nisan dilansa. Allah ya ba mu damina mai albarka.