Biliyoyin Los Angeles da Masu Kwana a Titi

Sharhinmu na yau zai kai mu Los Angeles ta jihar Kalifoniya a Amurka, garin 'yan fim da manyan attajirai. A ƙidayar watan Janairun 2023, an samu mutum fiye da dubu 75 da ba su da matsuguni a gundumar Los Angeles, sama da dubu 46 daga cikinsu a cikin birnin kansa. Mafi yawansu a tanti suke kwana, ko cikin mota, ko ƙarƙashin gada. A unguwar Skid Row, tantuna sun jeru layi bayan layi, ga kuma dogayen benayen bankuna suna kallon su.

Kada wani ya ce rowa ce ta mutanen garin. A watan Nuwamban 2016 suka kaɗa ƙuri'a, suka yarje wa birnin ya ciwo bashin dala biliyan 1.2 don a gina gidaje har dubu 10, a riƙa biya daga harajin masu filaye da gidaje. A watan Maris na 2017 mutanen gundumar suka ƙara wa kansu harajin sayayya, senti 25 a kan kowace dala 100, don a biya ma'aikatan jinya da masu bin mutane titi-titi. Da bakinsu suka ce a tatse su, abin da ba kasafai ake ji ba ko a ina.

To, ina gizo ya yi saƙa?

Da farko dai a wurin ginin. Kuɗin bashin ba ya isa ya tsayar da bene shi kaɗai. Sai mai gini ya bi ofis-ofis yana haɗo tallafin jiha da na tarayya da rancen banki, kowanne da nasa sharaɗin da nasa lauyan. Idan ya samu fili, maƙwabta su ce ba a unguwarsu ba. Kafin a gama wannan jeka-ka-dawo, farashin siminti da ladan magina sun tashi. Sai da aka shafe fiye da shekara uku kafin a buɗe ginin farko. A 2022, mai binciken kuɗin birnin, Ron Galperin, ya ba da rahoton cewa gida ɗaya na cin kusan dala dubu 600, akwai ma aikin da kowane gida ya kai dubu 837. Ana nan ana jiran gini, kuɗin haya na ta hawa, masu gida na ta fitar da wasu sababbin mutane titi. Ka ɗauke goma yau, gobe ka tarar wasu sun maye gurbinsu.

Babbar matsalar kuma, a ganinmu, ita ce rashin mai ɗaukar alhaki. Fili da 'yan sanda na hannun birni, asibiti da maganin taɓin hankali na hannun gunduma. Tun 1993 suka kafa hukuma ta haɗin gwiwa mai suna LAHSA don kula da marasa matsuguni, sai ta zama jakin dawa: kowa ya ɗora mata kaya, ba mai cewa tasa ce. A watan Afrilun 2024, mai binciken kuɗin jihar ya gano cewa Kalifoniya ta kashe kusan dala biliyan 24 cikin shekara biyar ba tare da an bi diddigin abin da kuɗin ya haifar yadda ya kamata ba. Bayan shekara guda, gundumar ta yanke shawarar janye ɗaruruwan miliyoyi daga LAHSA ta kafa sashenta. Gaskiya dai adadin ya ɗan sauka zuwa kusan dubu 72 a 2025, an kuma gina dubban gidaje, amma ribar ba ta kai jarin ba.

A Finland kuwa, tun 2008 suka juya tsarin. Ba a cewa mutum ya daina shaye-shaye ko ya samu aiki tukuna. Makulli ake fara ba shi, ya sa hannu a takardar haya, sannan magani ya biyo baya. Birnin Helsinki shi ke da mafi yawan filayensa, yana da kamfanin gidajensa, don haka ba ya roƙon kowa wurin gini. Marasa matsuguni a ƙasar sun ragu daga kusan dubu 18 a 1987 zuwa ƙasa da dubu 4 a 2023.

Mai sauraro zai ce, ina ruwanmu da Los Angeles? Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa gidajen gajiyayyu da kula da su, a layi ɗaya da maƙabartu. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Abin da muka saba gani dai shi ne kame: a kwashe mabarata da masu kwana a tasha, a zuba a mota, a kai su wani gari, bayan mako guda su dawo inda suke. Kuɗin mai ya tafi, mutumin na nan.

Saboda haka, idan ciyaman ɗin ƙaramar hukumarku ya gabatar da kasafin baɗi, ku tambaye shi abu uku: mutum nawa ke kwana a tasha da kasuwa da ƙofar masallaci a yankinsa, nawa ya ware musu, kuma wane jami'i ne za a riƙe idan kuɗin ya salwanta.