Filin Kimiyya da Sana'a: Hasken da Ido Ba Ya Gani da Darasin da Ya Bar Mana

A wannan wata za mu koma baya kaɗan, mu duba wata tsohuwar hanya da na'urori masu ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo ba tare da an haɗa su da waya ba, wato hanyar hasken infared. Wani zai ce, me ya kai mu tonon abin da aka riga aka binne? To, ai da tsohuwar zuma ake magani. A cikin wannan hanya akwai wani ilmi da ake kira soket, wanda har yau a kansa intanet ta dogara, kuma shi nake so samarinmu da 'yan matanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere su riƙe da hannu biyu.

Bari mu fara da shi kansa hasken. A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ya rarraba hasken rana da gilashi, ya yi ta auna zafin kowane launi. Da ya kai ma'auninsa gaba da ja, wurin da ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya ƙaru. Nan ya gane akwai wani haske ɓoyayye a bayan ja. Wannan shi ne infared, kuma kusan kowane gida yana da shi, domin da shi rimot yake yi wa talabijin magana. Wanda yake son ya gani da idonsa, sai ya nuna bakin rimot ga kyamarar wayarsa ya danna maɓalli. A wayoyi da yawa zai ga ɗan haske yana ƙyaftawa a fuskar wayar.

A 1993 kamfanonin kwamfuta da na sadarwa suka kafa wata ƙungiya mai suna IrDA, domin su yi ƙa'ida guda da za ta sa na'urar wannan kamfani ta fahimci ta wancan. Ƙa'idar farko ta fito a 1994, da gudun da bai wuce ɗigon bayani 115,200 a daƙiƙa ba, sannan a 1995 aka ɗaga shi zuwa miliyan 4. Daga nan sai ɗan baƙin gilashin nan ya fara bayyana a gefen kwamfutocin tafi-da-gidanka da injinan buga takardu da wayoyin hannu. Nokia 6110 ta 1997 tana da shi, har mutum biyu kan yi wasan macijin nan tare ta cikinsa. Nokia 8210 ma tana da shi, amma 3310 da kowa ya sani ba ta da shi.

A nan Kamaru wayar hannu ta fara yaɗuwa ne daga shekarar 2000, lokacin da MTN ya sayi sashen salula na Camtel, kuma Mobilis ya fara aiki, wanda a 2002 ya koma Orange. Waɗanda suka riƙe waya a shekarun da suka biyo baya za su tuna yadda akan ajiye waya biyu baki da baki a kan benci, a hana kowa motsi, domin a tura lambar wani ko hoto ko sautin kira. Ba a biyan kowa ko dala, kuma ko rezo ya ɗauke aikin yana tafiya.

Sai dai hanyar tana da sharuɗɗa masu tsanani. Kada tazara ta wuce kamar mita 1. Dole gilasan biyu su fuskanci juna, karkatar ba ta wuce digiri 15 ta kowane gefe ba. In hannu ya gitta tsakani, magana ta yanke. Ga shi kuma hasken rana cike yake da infared, saboda haka a ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu sai an shiga inuwa, in kuwa lokacin hunturu ne sai an goge ƙura daga gilashi. Bugu da ƙari, na'urorin ba sa magana a lokaci guda, domin hasken da kowace take fitarwa yana kashe mata nata idon. Ɗaya ta yi magana, ta yi shiru, ɗayar ta amsa. A gudun farko, waƙa guda mai nauyin megabait 4 takan ci minti biyar ko fiye kafin ta haye.

To, ina soket ya shigo? Sunan an aro shi ne daga ramin bango da ake soka wayar lantarki a ciki. A 1983 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka fitar da wani tsari da mai rubuta manhaja zai bi ya sa kwamfuta biyu su yi magana, ba tare da ya san irin hanyar da saƙon zai bi ba. Misalinsa kamar zaure ne. Mai gida ya buɗe zaure, wannan shi ne umarnin socket. Ya kafa allo mai ɗauke da sunansa a ƙofa, shi ne bind. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana sauraron sallama, shi ne listen. Baƙo ya zo ya yi sallama da connect, mai gida ya amsa da accept. Daga nan sai hira, wannan ya faɗa da send, wancan ya ji da recv, in an gama a yi ban kwana da close. Umarni takwas ke nan, kuma a kan irinsu saƙonnin WhatsApp da na banki suke tafiya.

Da infared ya zo, kamfanin Microsoft bai ƙirƙiro wani sabon yare dominsa ba. A cikin Windows CE da Windows 2000 an bar zauren yadda yake, aka sauya unguwa kawai. Mai rubuta manhajar intanet yakan rubuta AF_INET a layin farko, mai ta infared kuwa sai ya rubuta AF_IRDA. Tsarin Linux ma ya bi wannan hanya.

Bambanci biyu ne ya kamata ɗalibi ya lura da su. Na farko, a intanet baƙo ya san adireshin gidan da za shi tun kafin ya fito. A infared kuwa bai san wanda yake gabansa ba, sai ya fara cigiya. Na'urar takan haska a hankali, a gudun ɗigo 9,600 a daƙiƙa, tana tambayar ko akwai kowa a kusa. Duk wadda ta ji sai ta amsa da sunanta da wata lamba mai ɗigo 32 da ta zaɓar wa kanta. Bayan sun gaisa sai su yi ciniki a kan gudu, su tsaya a kan mafi sauri da dukansu biyu za su iya. Na biyu, a intanet ana neman ƙofa da lamba ne, misali ƙofa ta 80 ta shafukan yanar gizo. A infared ana nema da sunan aiki. Kowace na'ura tana da ɗan kundi da take rubuta ayyukan da ta iya, baƙo ya ce yana neman OBEX, wato aikin musayar fayil, kundin ya nuna masa ƙofar. Sauran wahalhalu, irin su jiran layi da maimaita abin da ya ɓace a hanya, tsarin ne yake ɗauke wa mai rubutu.

Yau wannan hanya ta kwanta dama. Bluetooth, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1999, yana aiki da igiyar rediyo, ba ruwansa da fuskantar juna, waya tana cikin aljihu ma yana kamawa. Wi-Fi kuma ya fi su duka gudu. A 2018 masu kula da Linux suka cire sashen IrDA gaba ɗaya daga tsarinsu. Amma ba duka ne ya tafi ba. Bluetooth ya gaji OBEX, yana kuma da dabarar cigiya da neman aiki. Mitocin wutar lantarki da yawa na zamani suna da ɗan ido a gaba wanda ma'aikaci yake karanta su ta cikinsa da infared. Shi kuwa soket bai ko girgiza ba. Wanda ya koye shi a zamanin AF_IRDA, yau layi kaɗan zai sauya ya yi aiki da Bluetooth ko Wi-Fi.

Me ya sa wannan ya shafe mu musamman, mu mutanen arewa? Intanet ɗinmu daga bakin teku take zuwa, ta igiyoyin ƙarƙashin ruwa da suka sauka a Duwala da Limbe da Kribi, sannan ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso kogin Binuwai. A watan Maris na 2024 wasu daga cikin igiyoyin Afirka ta Yamma sun lalace a teku, ƙasashe da dama suka shiga wahala, har da tamu. A 2017 kuma yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma sun yi wata uku ba intanet. Duk wanda sana'arsa ta rataya a kan rezo ya san abin da rana guda ta katsewa take jawowa.

Alhali kuwa yawancin abin da muke aika wa juna ba ya bukatar wannan doguwar tafiya. In mai shago a babbar kasuwa zai ba yaronsa lissafin kaya, ko malami zai raba wa ɗalibai darasi a cikin aji, ko ƙungiyar manoman auduga za ta tattara sunaye da nauyin kaya a ƙauye, ina dalilin biyan kuɗin data don saƙo ya je Turai ya dawo, alhali na'urorin biyu suna ɗaki guda? Samarin da suke tura waƙoƙi da finafinan Hausa a bakin kasuwa da Xender sun riga sun gane wannan. Abin da ya rage shi ne mu samu masu rubuta irin waɗannan manhajoji da kansu, daidai da bukatunmu, kuma cikin harsunanmu.

Hanya a buɗe take. Jami'ar Ngaundere tana nan tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022. Wanda bai samu shiga ba ma, kofa ba ta rufe masa ba. Harshen Python kyauta ne, kuma yana zuwa da soket a cikinsa. Tsofaffin kwamfutoci biyu da Wi-Fi na waya guda sun isa, ko ba data a ciki. Ɗalibi ya rubuta mai gida a ɗaya, baƙo a ɗaya, layi ashirin bai cika ba, ya sa su yi wa juna sallama. Ranar da kalmarsa ta fito a fuskar kwamfuta ta biyu, ya taka matakin farko na sana'ar da ba ta tsufa da tsufan na'ura.

Iyaye kuma ina roƙonmu, in mun ga yaro ya duƙufa a kan irin wannan, mu tambaye shi abin da yake ginawa kafin mu ce wasa yake yi. Wanda ya gwada ya ci karo da matsala, ya rubuto mana ta adireshin wannan mujalla, za mu duba tare.