Ina Rumfar Kafanchan A Baje Kolin Kaji?

Zuwa ga 'yan'uwana mutanen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia da ke neman abinci a nan Kurmi. Maganarmu ta yau ta kaji ce. Na san wani zai yi dariya ya ce duk matsalolin da ke damunmu a rasa abin da za a ɗauko sai kaza. To, a yi mini haƙuri a kai ƙarshe, domin kuwa kuɗin da yawancinmu muke aikawa gida a ce a yi kiwo da su, a kan kaza suke ƙarewa, kuma a kan kaza suke salwanta.

Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Nijeriya, watau PAN, takan shirya babban baje kolin kaji a ƙasar Yarbawa wajen ƙarshen shekara, kuma garin Abeokuta ya daɗe yana karɓar baƙuncinsa. Na taɓa halarta sau ɗaya, na yini ina zagayawa daga wannan rumfa zuwa waccan. Na ga masu ƙyanƙyasar 'yan tsaki, na ga masu haɗa abincin kaji, da masu sayar da magani da allurar rigakafi, da masu ƙera keji da injin niƙa da injin fige kaza. A wani zaure kuma likitocin dabbobi da malaman jami'a suna ta yin lacca, jama'a suna yi musu tambayoyi. Amma duk zagayen da na yi ban ga rumfa ko ɗaya mai ɗauke da sunan wani gari na Kudancin Kaduna ba. Sai da na fito waje sa'an nan na ji Hausa: wani yana sauke kaya daga mota, wani yana gadin ƙofa, wani kuma ya kafa teburin shayi. Ba na raina sana'ar kowa, da ita muke ci da iyalanmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu muna bakin ƙofa, alhali kuwa abin da ake ciniki a kansa a ciki daga gonakinmu ya fito.

Bari in yi bayani. Duk mai kiwon kajin gidan gona zai gaya maka cewa wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin da yake kashewa a kan abinci suke tafiya, kuma kusan rabin abincin nan masara ce, sa'an nan waken soya ya biyo baya. Kaza mai ƙwai takan ci wajen giram 120 a yini. Ke nan kaji 100 suna cinye kilo 12 kullum, kusan rabin buhu mai kilo 25, a wata kuwa wajen kilo 360. Idan rabinsa masara ce, to kaji 100 kacal suna lashe kusan buhu biyu na masara kowane wata. Yanzu sai mai karatu ya ƙiyasta gonakin Ogun da Oyo masu kaji dubu goma ko dubu hamsin. Masara mai yawa da suke ci daga Arewa manyan motoci ke kawo ta, kuma duk wanda ya san kasuwar Saminaka ya san yadda ake lodin ta da kaka. Manominmu yakan sayar wa dillali a bakin gona lokacin da take araha, dillali ya sayar wa wani dillalin, kafin ta isa injin niƙa a Ibadan hannu uku ko huɗu sun ci riba a kanta. Mai injin da manomin ba su taɓa ganin juna ba. Wurin da za su iya haɗuwa ido da ido kuwa shi ne irin wannan baje koli, mu kuma da muke zaune a nan mu ne muka fi kowa kusa da shi.

Me ya sa na ɗauko maganar yanzu? Saboda abin da ya same mu a daminar 2023. A shekarar ce cutar ruɓewa ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, gonaki suka ruɓe tun kafin a haƙa, mutane da yawa suka rasa har irin da za su shuka baɗi. Gidaje nawa ne suka dogara ga citta wajen kuɗin makaranta da na asibiti da na aure? Wanda duk yake da iyali a can ya san irin wayar da aka dinga bugo masa a wannan shekara. Darasin da muka koya shi ne gidan da ya jingina da amfani iri ɗaya, ranar da wannan ya faɗi sai gidan ya faɗi tare da shi. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka juya ga kiwon kaji, suka ce a gina wa ƙane ko uwargida akurki a bayan gida. Niyyar mai kyau ce, sai dai yawanci da kuɗi kaɗai ake shiga, ba a shiga da sani.

Ni kaina abin ya ci ni. Na tara 'yan kuɗina na sayi 'yan tsaki 300 ta hannun wani mai tsaka-tsaki da ya ce mini daga babban kamfani ya ɗauko su, kuma ya rage mini kuɗi. Ban tambayi takardar rigakafi ba, ban tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su ba, domin ban san ana tambaya ba. Aka sa su a motar haya suka kwana a hanya. Ƙanena a gida ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma kafin mako huɗu fiye da rabi sun mutu, sauran kuma suka ƙi girma. Da na je baje kolin nan daga baya, a rumfa ɗaya cikin minti goma wani likita ya lissafa mini kurakurai huɗu da na yi. Da na ji wannan bayani tun farko, da kuɗin mota kawai zan kashe in tsira da jarina. Araha dai ba ta ado.

Abin da ake koya a wurin ba ƙaramin abu ba ne. A nan ne mutum zai ga bambancin kajin nama da ake sayarwa a mako shida zuwa takwas, da kajin ƙwai da ba sa fara yi sai sun kai wajen mako 18 zuwa 20, watau sai ka ciyar da su wata huɗu da rabi kafin ka ga ko kwabo. A nan ne zai ji labarin irin da aka samar a ƙasar nan domin yanayinmu: Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, da Noiler ta garin Awe a Jihar Oyo. Biyun ƙarshen nan suna iya yawo su yi kiwo a tsakar gida kamar kajin Hausa, a ƙara musu da ɗan abinci, suna ba da nama da ƙwai, saboda haka sun fi dacewa da matar da ke ƙauye wadda ba ta da lantarki. A nan ne kuma zai san cewa cutar nan da ke share kajin ƙauye kowane hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil, tana da rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, maƙwabciyarmu a Filato, tana yin sa. Shekara da shekaru iyayenmu mata suna kwashe matattun kaji da hunturu suna cewa iska ce, maganin kuwa yana nan kusa da su.

Amma ni ba kallo kaɗai nake so mu je ba. So nake mu kama rumfa. Kusan kowace ƙabila da kowane gari na yankinmu yana da ƙungiyar ci-gaba a Ikko da Ibadan da Fatakwal, ana taro kowane wata, ana tara kuɗi domin biki da rasuwa da rawar gargajiya ta ƙarshen shekara. Me zai hana ƙungiyoyi uku ko huɗu su haɗa hannu da ƙungiyoyin manoma na gida su biya kuɗin rumfa ɗaya, a rubuta mata Kudancin Kaduna? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke Ikko ma ba shi da uzuri, tun da jirgin ƙasan Ikko zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana tsayawa a Abeokuta.

Wani zai ce to me za mu nuna? Mu nuna abin da muke da shi. A kawo samfurin masara da waken soya a ƙananan buhuna, busassu sarai, babu tsakuwa, babu ƙwari, babu fumfuna, domin masu haɗa abinci sukan auna danshin hatsi, kuma masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai kashe kaji da rage ƙwai. A rubuta a takarda buhu nawa ƙungiya za ta iya tarawa, a wane wata, kilo nawa ne a buhu, da wanda za a nema. A sa mutum biyu a rumfar, ɗaya manomi wanda ya san gona, ɗaya kuma ɗanmu na nan wanda ya iya Turanci da Yarbanci kuma ya iya lissafi. A kai ƙwan zabi, a kai hotunan zabinmu da kajinmu na gida, waɗanda mutanen birni ke nema ruwa a jallo lokacin bukukuwa. Ko mai injin niƙa ɗaya ne ya karɓi lambar ƙungiya ya yi odar mota ɗaya, kuɗin rumfa ya fita. Sai dai fa in an yi alkawari a cika. Idan samfurin da aka nuna mai kyau ne, aka kuma loda jiƙaƙƙiya a ƙasan mota, to an kashe kasuwar har ga 'yan baya.

Akwai masu cewa wannan taro na manya ne, masu kaji dubbai, talaka mai kaji hamsin ba shi da wuri a ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin yawancin injunan da ake nunawa sun fi ƙarfin aljihunmu. Amma lacca ba ta tambayar yawan kajinka, likita ma haka. Kuma manyan nan suna cikin matsi. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ƙwai ya yi ta lalacewa a gonaki babu mai saye, daga bisani kuma tsadar masara ta sa gonaki da yawa suka rufe. Wanda ya sha wannan wuya ba zai raina mai kawo masa hatsi mai kyau kai tsaye ba.

Wani tsoron kuma, wanda ya fi wancan ƙarfi, shi ne cuta. Kada mu manta a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a duk nahiyar Afirka, a wata gona da ke Jaji, cikin Fabrairu 2006, ta kuma sake ɓullowa a Kano da Ikko a 2015. Duk inda masu kaji suka taru, cuta na iya bin takalmi da tufafi da tayar mota. Saboda haka wanda ya je, kada ya wuce daga wurin taro kai tsaye zuwa akurki, sai ya yi wanka ya canja kaya ya wanke takalmi da magani. Kada a ɗauko kaji masu rai daga gida a kai sa'an nan a mayar da su cikin 'yan'uwansu. Wanda ya sayi sabon tsuntsu kuwa, ya ware shi mako biyu ko uku kafin ya haɗa. Rigakafi ya fi magani, murar tsuntsaye kuwa in ta shiga gona sai dai a kashe a binne.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu da sarakunanmu. Dattawa suna tuna nunin amfanin gona na zamanin En'e, inda akan ba mai babban zakara ko mai kyakkyawar dawa kyauta a gaban jama'a. Me ya hana a farfaɗo da shi a Kafanchan, a ba kaji babban wuri a ciki? Garin nan mahaɗar jirgin ƙasa ne tun 1927, kuma ko da jirgin ya daina zuwa yadda ya saba, hanyoyin Jos da Kaduna da Akwanga suna nan. Ga Vom, ga Shika, ga makarantar aikin gona ta Samarun Kataf, ga kuma katafaren kamfanin abincin kaji da ƙyanƙyasa da Olam ta buɗe a Chikun a 2017. Duk waɗannan za a iya gayyatarsu. Kafin nan ma akwai kasuwar baje koli ta duniya ta Kaduna da ake yi fiye da shekara 40, da nunin amfanin gona na ƙasa da ake yi a hanyar Abuja zuwa Keffi, inda za mu iya fara gwada kafa rumfa ba tare da doguwar tafiya ba.

Amma ba za mu iya shirya namu ba sai mun ga yadda ake yin na wasu, mun kuma zauna a ciki a matsayin masu kaya. Saboda haka ina roƙon sakatarorin ƙungiyoyinmu su sa wannan magana a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa, a naɗa mutum uku su binciko rana da wuri da kuɗin rumfa, su kawo rahoto tun kafin kaka. Wanda yake ganin na yi kuskure, filin nan a buɗe yake, ya rubuto mu ji. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dabbobinmu, Ya kai kowa gida lafiya.